Uwar Maƙera a Jujin Bariki

Illela, ashirin ga watan Safar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga Hindatu 'yar Hamidu maƙeri zuwa ga ƙanena Maharazu, malamin ofis a birnin Sakkwato. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Ummu, wadda har yau ba mu taɓa sa ta a ido ba.

Bayan haka, ba lafiya ce ta sa na ɓata takardar da marigayi mijina ya bari ba. Ran Lahadi da hantsi, kasuwa na ci, dogarai shida da wani soja suka tsaya a bakin maƙerar Baba. Wai an harbi wani ayari a kan iyaka, don haka Bature ya ce a kwashe makamai duk inda suke. Suka tarar da kan kibiya tara da Baba ya ƙera wa maharban Lafani tun da kaka, na harbin gada. Da ganinsu sai suka hau tattara duk abin da ke ƙara in an buga shi, masabar dukan ƙarfe da awartaki da hauyoyin mutane da aka kawo gyara. Daga ƙarshe mutum uku suka taru a kan uwar maƙera suna girgiza ta, har suka tumɓuke ta daga kututturenta.

Ka san ta, ko da yake shekara goma sha biyar rabonka da ita. Ƙarfen nan ne mai faɗin kai da tsinin gindi, wanda Baba ke ɗora jan ƙarfe a kansa yana duka. Kakan kakanmu ya narka tamarta da hannunsa, kuma tun daga kansa babu namijin gidan nan da ya yi ƙira a kan wata.

Baba na tsaye suka fita da ita. Ya zauna yana kallon ramin da ta bari a kututture, kuma tun ranar bai hura wuta ba. Saura wata biyu da 'yan kwanaki ruwa ya sauka. Mutanen ƙauyukan Amarawa da Araba da Lafani duk a nan suke gyaran hauya da sungumin shuka. In suka gaji da jira za su tsallaka wurin maƙeran Ƙonni, kuma manomin da ya saba da wani maƙeri ba ya dawowa.

An ce raƙuma sun yi Sakkwato da kayan. Kai ke zaune kusa da Bature, kai ke riƙe masa alƙalami. Ka tashi ka karɓo ta. Ban ce ka roƙo ba, domin ba sata Baba ya yi ba. Ɗan aikenmu Abu mai jakuna zai kawo maka wannan, shi kuma zai komo da amsa. Allah ya tsare. Wassalam.

Sakkwato, ashirin da shida ga Safar

Daga Malam Maharazu zuwa ga babbar yaya mai daraja, Hindatu. Gaisuwa da girmamawa da neman albarka. A isar da durƙusona ga Baba, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Bayan haka, takardarki ta iso, na karanta, raina kuma ya ɓaci ƙwarai. Na bincika yadda ya kamata. Ƙarafan da aka kawo daga garuruwan iyaka duk an zuba su a wani fili da aka kewaye da waya a bayan bariki. Nan ake jefa ƙafafun keken shanu da suka karye, da garewanin kananzir, da matattun bindigogi. Mutane na kiran wurin jujin bariki. Ƙa'idar Nasara ita ce, abin da ya shiga can an soke shi daga littafi, ba shi da mai shi, ba a kuma fitar da shi.

Ina roƙon Yaya ta lallashi Baba. Zamani ya juya, kuma wanda ke kusa da mutanen nan ya fi sanin inda ake taka ƙafa. Ƙarfe dai ƙarfe ne. In Allah ya yarda zan samo masa wadda ta fi tsohuwar kyau da ƙarfi.

Akwai wata 'yar magana. Takardu na bi ta hannun masinjoji kafin su iso ni. In Yaya za ta sake rubutowa, sunana kaɗai ya isa a bayan takarda, ba sai an ambaci sana'ar gida ba. Allah ya bar zumunci. Haza wassalam.

Illela, uku ga Rabi'ul Awwal

Daga Hindatu 'yar Hamidu maƙeri zuwa ga Maharazu ɗan Hamidu maƙeri, jikan maƙeri. Haka na rubuta a baya ma, da manyan baƙaƙe, don kada masinja mai raunin ido ya wahala. Ina gaisuwa.

Juji ka ce. Sau uku na karanta ko idona ne ke yi mini gizo. Bari in tuna maka abin da ake kira juji a garin da aka yanke maka cibiya. Juji shi ne bayan danga, inda nake zubar da toka da kashin awaki da tsingaron tukunya, kaji su tona, kare ya kwanta. Ko shi ɗin ma ba a raina shi, domin da bazara jakuna ake kawowa a kwashe shi a kai gona. Bara har sa-in-sa muka yi da maƙwabta a kan namu.

Amma tun da nake ban taɓa ganin ƙarfe a juji ba. A gidan nan hauya in ta cinye lauje take zama, lauje ya zama wuƙa, wuƙa ta zama basilla. Allura ma in ta karye, Baba a kasko yake jefa ta ta jira 'yan'uwanta. Mutanen da har suka kewaye fili musamman don zubar da ƙarfe, ni ban san irin tarbiyyar da aka yi musu ba. Su dai baƙi ne, ba su sani ba. Kai fa? Da hauyar da aka ƙera a kan uwar maƙerar nan aka noma geron da ka ci ka yi wayon riƙe alƙalami, amma bakinka bai yi nauyin cewa ƙarfe dai ƙarfe ne ba.

Kana jin kunyar sana'ar gida. To ni ba ni da wannan sararin. Tun ranar da Baba ya kai ka karatu birni don an ce kana da kai, wa kake zato ke ja masa zugazugi? Ni ce, mace, a bayan zana don kada masu wucewa su gani. Na yi aure na bari, mijina ya rasu na dawo na ɗora. Kafaɗuna sun fi na wasu maza, ba kuma alfahari nake yi ba.

Manoma huɗu na Araba sun riga sun tsallaka Ƙonni da hauyoyinsu. Ɗaya ma ta ƙofarmu ya bi, ya sunkuyar da kai kamar bai san gidan ba. Baba fura kaɗai yake sha, ita ma sai na tsaya a kansa. In ka ga dama ka ci gaba da sanin inda ake taka ƙafa. Wassalam.

Sakkwato, goma sha ɗaya ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Yaya Hindatu, bayan gaisuwa da ban girma.

Faɗanki ya iso, na kuma karɓa, domin babba ce ke. Ga abin da na yi alkawari nan a kan raƙumi tare da Abu. Uwar maƙera ce ta Nasara, irin wadda mai yi wa dawakin soja takalmi ke aiki a kanta. Wani saje da nake rubuta wa wasiƙu ya ba ni ita. Tana da ƙaho a gefe na lanƙwasa ƙarfe, fuskarta sumul, nauyinta ya yi biyar ɗin tamu. Maƙeran birni da suka gan ta sai da suka bi raƙumin har ƙofar gari.

Ina fata Baba zai gwada ta kafin ya yanke hukunci. A gaida shi, a ce ɗansa bai manta da shi ba. Haza wassalam.

Illela, goma sha tara ga Rabi'ul Awwal

Daga Hindatu zuwa ga Maharazu. Gaisuwar Musulunci kaɗai, ita ma don wajibi ce.

Kayanka sun iso. Rabin gari ya biyo raƙumin, mutum huɗu suka sauke ta da nishi. Na shiga na ciro 'yar gudumar da na ɓoye a tukunyar gero ranar da dogarai suka zo, na miƙa wa Baba. Ka san halinsa, ba ya magana a kan ƙarfe sai ya buga ya ji. Ya zagaya ta, ya buga sau ɗaya, ya karkata kai har ƙarar ta mutu. Sannan ya ce, "Ƙarhe na mai kyau, amma ba ta san hannuna ba. Ku mai da ma mai ita." Ya miƙo mini guduma ya koma zaure. Ba wanda zai ɗauki wannan nauyi ya mai da, don haka na ɗaure akuyata a ƙahon. Ta yi daidai.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abu ya zauna cin goro da wani dogari a bakin bariki, mutumin ya ba shi labari yana dariya, bai san da wanda yake magana ba. Ya ce ranar da aka kwance ƙunshin Illela a gaban Bature, an ɗaga wani ƙarfe an tambayi malamin ofis ko mene ne. Malamin ya ce turken jaki ne, a kai juji. Abu ya tambayi sunan malamin. Da ya zo gaya mini, sai da ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai kawo labarin mutuwa.

Ashe ba Nasara ya jefar da ita ba, kai ne. Ka zauna ka rubuto mini cewa ka bincika yadda ya kamata, alhali tawadar da ka soke ta da ita ba ta gama bushewa ba. Turken jaki. A gabanta aka raɗa maka suna, Maharazu. Da ka yi rarrafe, ita ka fara dafawa ka miƙe, har ka ƙona tafin hannu, tabon na nan in ba ka kankare shi ba.

Ban gaya wa Baba ba, don ban san da wane baki zan faɗa ba. Ina ba ka dama ɗaya ka ce Abu ƙarya yake yi. Wassalam.

Sakkwato, ashirin da biyar ga Rabi'ul Awwal

Yaya, ina gaishe ki. Abu bai yi ƙarya ba.

Ga yadda aka yi. Umarnin da ke kan teburin Bature ya ce duk ƙunshin da aka samu kan kibiya tare da kayan ƙira, a kamo mai shi a sarƙa, domin shi ke ƙera makamai. In kibiyoyi ne kaɗai da tarkace, kayan maharbi ne, a zubar a manta. Aka kwance ƙunshi, na ga an rubuta Illela a jikin fatar da aka ɗaure shi da ita, ga kan kibiya tara a sama. Masaba da awartaki sun riga sun gauraye da na wasu garuruwa a hanya, uwar maƙera kaɗai ta rage da za ta kama Baba. Bature bai taɓa ganin irin tamu ba, shi mai ƙaho ya sani. Ya nuna ta da bulala ya tambaya ta bakin tafinta. Na hango Baba da sarƙa a wuya, tafiyar kwana huɗu a ƙasa cikin wannan zafi. Sai na ji bakina ya ce turken jaki ne. Ban ko iya ɗaga ido na dube ta ba.

Da na faɗa sau ɗaya kuma ba halin in sake. Duk wadda aka ɗaga daga wani gari sai in ce turke. Ashirin da uku na rubuta. Har Bature ya yi dariya ya ce mutanen iyaka akwai su da jakuna. Ba maƙeri ko ɗaya da aka kamo. Na ɓoye miki don na san abin da za ki ce, kin kuwa faɗa.

Yanzu ga abin da ya fi wannan. An sa fursunoni haƙa rami a cikin jujin. Ran Alhamis, goma sha uku ga wata mai kamawa, za a tura ƙarafan duka a binne, don kada kowa ya sake ƙera makami da su. Jiya na leƙa ta jikin waya. Suna nan zube wuri ɗaya, an kwance musu ƙunshi, ƙasa da tsatsa sun rufe su, duk kamarsu ɗaya. Yaya, ban gane tamu ba. Na tsaya har mai gadi ya fara kallona, ban gane ta ba.

Ki tambayi Baba ko tana da wata shaida, tsaga ko zane. In na san ta, zan san yadda zan yi da mai gadi ba tare da kowa ya ji ba. Ki yafe mini in za ki iya. Wassalam.

Illela, biyu ga Rabi'us Sani

Daga Hindatu zuwa ga ƙanena Maharazu. Ina gaisuwa, wannan karon da gaske.

Sarƙar da ka cire wa Baba da sauran maƙera, Allah ya saka maka. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Amma kada ka zaci na huce. Akwai magana ta uku da ba ka yi ba a gaban Baturen nan. Da ka ce wannan ta ubana ce, hauya yake ƙerawa, ni ne shaidarsa. Wataƙila ya ji, wataƙila ya ƙi. Ba ka gwada ba, domin tafinta na tsaye, kuma na ji ɗan'uwan surukinka ne. Rabin ƙaryar nan don Baba ka yi ta, rabi don rawaninka. Ko yanzu ma so kake ka ɗauko ta a ɓoye, kamar ɓarawon kayan gidanku.

Na karanta wa Baba takardarka daga farko har ƙarshe, ban tsallake turken jaki ba. Na zaci zai yi fushi. Sai ya tambaye ni sau biyu ko da gaske ashirin da uku ne, ya yi ta lissafa maƙeran iyaka da sunayensu. Da na zo kan maganar shaida, ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa:

"Ba ta da shaida ga ido. Ki aika mai da guduma. Shekara goma yana kwana yana tashi da muryatta. In kunnenai bai mutu ba, shi buga shi ji."

Ga gudumar nan a cikin buhun Abu. Ya ce kada ka buga su a zube, ƙarfe a ƙasa ba ya magana. Ka nemi kututture ka huda, ka kafa kowace a ciki, ka buga a gefen kai, ka jira ƙarar ta mutu kafin ka cire. Ka ga ke nan ba aikin ɓoye ba ne. Ashirin da uku a kan kututture, har kurman da ke bariki sai ya ji.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, yana watsewa. Mutanen Amarawa sun aiko cewa za su jira mu zuwa ƙarshen wata, saboda mutuncin Baba. Daga nan ba su da laifi. Allah ya ba ka zuciya. Wassalam.

Sakkwato, goma sha huɗu ga Rabi'us Sani

Daga Maharazu ɗan Hamidu maƙeri zuwa ga Yaya Hindatu. Gaisuwa, da durƙuso ga Baba.

Kwana biyar gudumar nan na cikin aljihuna ina zuwa ofis da ita, ina komowa. Jiya Alhamis da safe na ga an fito da fursunoni da shebur, sai na shiga wurin Bature. Na ce masa turakun nan ba turaku ba ne, ɗaya ta ubana ce, hauya yake ƙerawa, ni na yi ƙarya a littafi. Tafinta ya dube ni kamar bai ji ba, sai da na ce masa ya juya yadda na faɗa. Bature ya yi ja har kunne. Na lura ba kibiyoyi suka dame shi ba, littafin ne, domin ya riga ya sa hannu ya aika gaba. In ya kamo maƙera yanzu, sai ya bayyana yadda aka yi ya ƙirga jakuna. Ya daɗe yana buga tebur da yatsa, sannan ya ce littafi ya ce turaku, turaku ne. In ɗauki turke ɗaya kafin azahar, in bar masa alƙalaminsa a kan tebur, kada ya sake ganina.

Na tuɓe riga da rawani na rataye a jikin waya. Wani fursuna, Allah ya yi masa albarka, ya taya ni huda kututturen kirya. Masinjoji suka jeru a bakin waya, har da masu tallar abinci. Ina jin wani na cewa ashe malam ɗan maƙeri ne.

Biyar na farko ban ji komai ba sai ƙara. Gumi na shiga mini ido, na ce shi ke nan, kunnen ya mutu. Sai na rufe ido na bar kallon mutane. Daga nan suka fara rabuwa, wata muryarta siririya, wata a shaƙe, wata ta tsage a ciki. A ta goma sha huɗu, ina bugawa na ji kafaɗuna sun motsa da kansu, dama da hagu, yadda ake jan zugazugi. Har ƙaurin gawayi na ji.

Amma ba zan sake yi miki ƙarya ba. Ta goma sha tara ma ta yi kama da ita ƙwarai. Na kafa wannan na cire, na kafa waccan na cire, har ladan ya kira salla, mai gadi ya ce lokaci ya yi. Na rungumi ta goma sha huɗu na fito. Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba.

Ina bakin waya aka tura sauran. Ashirin da biyu, kowace da gidanta, kowace da tsohon da ke zaune yana kallon rami a kututture. Na ji faɗuwarsu ɗaya bayan ɗaya, suna bugun juna suna kuka, fursunoni na zuba ƙasa, Bature kuwa ko leƙowa bai yi ba, yana cin abincin rana. Shekara biyar ina rubuta wa mutanen nan abin da suka ce, ban taɓa jin zafin da na ji jiya ba. Wurin nan ba juji ba ne, kin yi gaskiya. Daga juji ana kwasa a kai gona.

Surukina bai amsa gaisuwata ba yau. Amma zanen da za ki ga an naɗe uwar maƙerar da shi na Ummu ne, ita ta naɗe da hannunta. Ga ta nan tare da Abu, da gudumar. Ni ba zan iya tahowa ba sai na ji abin da Baba ya ce in ya buga. In ba ita ba ce, ki gaya mini kai tsaye, kin iya. Wassalam.

Illela, ashirin ga Rabi'us Sani

Daga Hindatu zuwa ga ƙanena Maharazu, da ƙanwata Ummu. Gaisuwa mai yawa.

Ta iso jiya da hantsi. Na kwance zanen, na miƙa wa Baba guduma. Bai karɓa ba. Ya ce, "Da kunne ya zaɓe ta?" Na ce da kunne, a gaban bariki duka, ba riga. Ya ce, "Kafa ta. Hura wuta."

Tun da nake a gidan nan, ban taɓa ganin ƙarfen da Baba ya karɓa bai gwada ba sai wannan. Bugun farko da ta sha, a kan sungumin wani mutumin Amarawa ne. Kafin la'asar mun gyara goma sha ɗaya, ya kuma ci tuwo.

Ka ce in gaya maka kai tsaye. Ni ma kunnena na gidan nan ne, na kuma ji bugun farko. Abin da na ji ya tsaya tsakanina da Baba, kada ka tambaye ni, kada ka tambaye shi.

Ka taho da Ummu kafin ruwa ya ɓata hanya. Kafaɗuna sun gaji, zugazugi na jiranka. Wassalam.